Ta Tsaya ne, ko Ta Daina?

Jimlar da ta kusa raba wata ma'aikaciyar jinya da aikinta kalma 9 ce kacal, kuma da hannunta ta rubuta ta a littafin rahoton dare: *I stopped to give the injection at 2 a.m.* Shekararta 11 tana aiki a wani asibiti a Kano, ba a taɓa kiranta gaban kwamiti ba, ba ta kuma taɓa zaton Turancinta na da wata ɓaraka ba. Da shi ta ci jarrabawar kammala sakandare, da shi ta yi makarantar koyon aikin jinya, da shi take cika katin marasa lafiya kullum.

Abin da ya faru a daren ba shi da wuyar bayani. Akwai wani magidanci a ɗakin maza da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya duk bayan awa 4. An yi masa ta ƙarfe 10 na dare lafiya lau. Wajen ƙarfe 1 da rabi sai ya fara susa, borin jini ya feso masa a wuya da ƙirji. Ta buga wa likitan da ke bakin aiki waya, ya ce a dakatar da allurar nan take, a ba shi maganin ƙaiƙayi, zai zo ya duba shi. Da ƙarfe 2 ta yi, lokacin allura ta gaba ke nan, ba ta yi masa ba. Ta mayar da kwalbar cikin durowa, ta zauna ta rubuta abin da a ganinta shi ne ya faru: ta daina allurar daga ƙarfe 2.

Kafin asuba numfashin mutumin ya sarƙe, aka yi ta fama da shi har Allah Ya sa ya farfaɗo. 'Yan'uwansa suka kai kuka ga hukumar asibitin, aka kafa kwamiti, kwamiti ya buɗe littattafai. A katin maras lafiya likita ya rubuta cewa ya ba da umarnin dakatar da allurar tun kafin ƙarfe 2. A littafin rahoto kuma ga rubutun nas yana cewa da ƙarfe 2 ta tsaya domin ta yi allurar. Bayan kwana 3 aka miƙa mata takarda: ta yi bayani cikin awa 48 dalilin da ya sa ta yi wa maras lafiya allurar da likita ya hana.

Sau 3 ta karanta takardar, ba ta ga inda suka samo wannan zance ba. Abin da ya fara zo mata a rai shi ne wani ke yi mata bi-ta-da-ƙulli. A daren ta rubuta amsa shafi 2, washegari bayan la'asar ta nufi gidansu da ita.

Jan biro a soro

Mahaifinta tsohon malamin Turanci ne, shekara 35 ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya, kuma har yanzu ba ya karanta takarda sai da jan biro a hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka tun tana goye bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ta same shi a soro, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye takardun a gabansa: ta tuhuma, da kwafin shafin rahoton, da amsar da ta rubuta.

Ya karanta a nitse, sannan ya cire tabarau ya ce, "Uwata, bar Turancin nan tukuna. Gaya mini da Hausa, me kika yi da ƙarfe 2?"

"Na daina yi masa allurar, Baba."

"Kin daina, ko kin tsaya?"

"Dainawa na yi."

"To, tsayawa kika rubuta. Kin gaya musu kina cikin wani aiki, da ƙarfe 2 ta yi kika tsaya don ki yi masa allura. Mutanen nan ba su yi miki ƙage ba. Abin da hannunki ya faɗa suka karanta."

Hausa na da aikatau biyu a inda Turanci ke da ɗaya. Direban da ya *tsaya* shan shayi a Kwanar Ɗangora yana nan da kofi a hannu. Wanda ya *daina* shan shayi kuwa ya rabu da shi. Turanci *stopped* yake cewa a duka biyun, sai ya bar bambancin ga abin da ya biyo baya. *He stopped drinking tea* ya daina ke nan. *He stopped to drink tea* ya tsaya ya sha. A jimla ta farko shan shayin shi ne abin da aka yanke. A ta biyu abin da aka yanke tafiya ce, ba a ma ambace ta ba, kuma *to drink* dalilin tsayawar ne, daidai da *don ya sha*.

Kuskuren nata yana da tushe, kuma tushen ba jahilci ba ne. Turanci ya yarda a ce *started to give* ko *started giving*, ma'ana ɗaya. Haka *began*, haka *continued*. Har *ceased*, wanda shi ma dainawa yake nufi, yana karɓar *to give* ba tare da ma'ana ta juye ba. Wanda ya saba da waɗannan huɗu, hankalinsa zai ba shi cewa na biyar ma haka yake. Sai ga shi *stop* ya fita daban. Masu jin Faransanci, har da Hausawan Nijar da suka yi boko da shi, su ma sukan yi tuntuɓe a daidai wannan wuri idan suka zo koyon Turanci, domin a Faransanci tsuran aikatau ne ke bin kalmar dainawa.

Abin mamaki, kunnen Bahaushe ya riga ya san amsar. Ba a cewa *ta daina ta yi*; *ta daina yi* ake cewa, *ya daina zuwa*, *sun daina biya*. Sunan aiki ke bin *daina*, kuma sigar Turanci mai ƙarewa da *-ing* ita ce takwarar sunan aiki a nan. Da ta fassara Hausarta kai tsaye, da ta tsira.

Ita kanta ƙaramar kalmar *to* tana da tarihin da ke bayyana halinta. A Turancin shekara 1000 da suka wuce, aikatau maras lokaci ba ya bukatarta. Ɗafa-ƙeyar *-an* yake ɗauka, kamar *drincan* da *singan*, wato sha da rera waƙa. Ita *to* kalmar nuna alƙibla ce, *zuwa ga*, kuma idan aka sa ta gaban aikatau manufa take nunawa: an nufi yin abu. Sannu a hankali ɗafa-ƙeyar ta zube, *to* ta bazu har ta zama alamar aikatau maras lokaci a yawancin wurare. Amma ƙanshin asalinta bai gushe ba. Har yau, a jimloli da yawa, *to* gaba take kallo: abin da aka nufa, aka so, aka shirya, aka yi alkawari. Sigar *-ing* kuwa ta fi karkata ga abin da ya riga ya tabbata ko yake gudana. Wannan ba doka ce da ba ta da togaciya ba, amma tana warware rikici mai yawa.

"Ya" guda uku

A shafi na biyu na amsarta jan biron ya sake sauka. Ta rubuta cewa ɗan'uwan maras lafiyan *wanted to took him home*. Wannan kuskure ba ya juya ma'ana, kowa zai gane abin da ake nufi, sai dai yana zubar da kwarjinin takarda a idon mai karantawa. Dattijon ya ce ya gyara shi a littafin ɗalibai fiye da yadda zai iya ƙirgawa, kuma ya daɗe kafin ya gane inda yake ɓullowa.

Turanci a jikin aikatau yake sa alamar lokaci: *take* ya koma *took*, *want* ya koma *wanted*. Hausa ba ta yin haka. Aikatau yana nan yadda yake, alamar tana kan ɗan wakilin sunan da ke shiga gabansa, wanda masana nahawu ke kira zagin aikatau, kamar zagin da ke gaban dokin sarki: *sun tafi, suna tafiya, za su tafi, sukan tafi*. Kuma kusan kowane aikatau a jimla da nasa zagin.

A nan rubutun boko ke ɓoye wani abu da baki ke bayyanawa. A duba *ya zo ya ci* da *ya so ya ci*. A takarda kowace jimla *ya* biyu ce, kamanninsu ɗaya. A baki ba haka ba ne. A *ya so ya ci*, ta farko doguwa ce mai karin sama, ta shuɗaɗɗen lokaci. Ta biyu gajeriya ce mai karin ƙasa, sigar da littattafan nahawu ke kira umartau, wadda ba ta tabbatar da cewa an ci komai ba. Tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, ɗalibi na ganin *ya* biyu iri ɗaya, sai ya ɗauka shuɗaɗɗen lokaci biyu ne, ya zuba su a Turanci: *wanted*, sannan *ate*.

Dabarar da tsohon malamin ke koya wa ɗalibansa mai sauƙi ce: a mayar da jimlar jam'i. *Ya zo ya ci* ta zama *sun zo sun ci*, ko a cikin labari *suka zo suka ci*. *Ya so ya ci* kuwa ta zama *sun so su ci*. Nan take *ya* guda uku suka rabu: mai zama *sun*, da mai zama *suka*, da mai zama *su*. Biyun farko su ne ke daidai da shuɗaɗɗen lokacin Turanci, *they came and ate*. Ta ukun, mai zama *su*, ita ce a mafi yawan lokuta ke daidai da *to* da tsuran aikatau, *they wanted to eat*. Haka abin ke fitowa fili a *na so in tafi* da *kin ƙi ki zo*: ba wanda zai ce *na so na riga na tafi* yana nufin abu ɗaya da *na so in tafi*.

Ƙa'idar Turancin ke nan a taƙaice: a jerin aikatau da ke rataye da juna, na farko kaɗai ke ɗaukar alamar lokaci, sauran su biyo shi tsura. Ita ce ta hana *to went*, ita ce ta hana *did not went* da *could not came*, domin *did* da *could* sun riga sun ɗauki kayan. Ita ce kuma ke aiki bayan *made* da *let* da *saw* da *heard*, inda ko *to* ɗin ma ba a sawa: *the doctor made me stop*, *I heard him cough*.

Aikatau masu ɗaure mutum

Gyaran da ya fi ɗaukar lokaci a soron nan bai shafi kuskuren nahawu ba ko kaɗan. Jimlolin daidai suke, kowane malamin jarrabawa zai ba su maki. Matsalarsu ita ce suna faɗin abin da ba ta nufa ba.

Ta rubuta: *I tried to call the doctor.*

"Kin same shi?" in ji mahaifin.

"Bugu ɗaya ya ɗauka."

"To me ya kawo *tried*?"

Abin da ya kawo shi Hausa ce. A Hausa *ƙoƙari* kalmar yabo ce. Idan aka ce wa mutum *ka yi ƙoƙari*, ana nufin ya yi abin kirki, kuma wannan ma'ana ta shiga Turancin Nijeriya, inda *you tried* ke zama jinjina. Ita a ranta tana nuna himma ne. Amma wanda ya karanta *tried to call* da idon Turancin takardun aiki, abin da zai fara ɗauka shi ne an nema ba a samu ba, domin da an samu da an ce *called* kawai. Ga shi kuwa duk kariyarta ta rataya ne a kan cewa ta sami likita, ya ba ta umarni, ta bi.

A 1971 wani masanin harshe ɗan ƙasar Finland, Lauri Karttunen, ya buga maƙala a mujallar *Language* a kan wannan batu. Ya nuna cewa aikatau na Turanci da ke ɗaukar *to* ba duka hali ɗaya gare su ba. Wasu, idan suka zo a shuɗaɗɗen lokaci, suna ɗaure mai magana: ya tabbatar ke nan cewa aikin da ya biyo baya ya auku. Wanda ya ce *I managed to call* ya kira, tare da nuna cewa sai da ya sha wahala. Wanda ya ce *I remembered to check* ya duba. Wanda ya ce *I happened to see* ya gani, ba da shiri ba. Idan aka kore su kuma, aikin ya koru: *I didn't manage to call* bai kira ba ke nan. Wasu ɗaurin nasu a juye yake: *failed to report* da *forgot to sign* da *neglected to record* duk suna tabbatar da cewa ba a yi ba. Sai kashi na uku, waɗanda ba sa ɗaure kowa: *wanted to, hoped to, planned to, decided to, promised to, tried to*. Mutum zai iya yanke shawarar yin abu, ya yi alkawarinsa, ya yi ƙoƙarinsa, a tashi ba a san ko ya yi ba.

Hausa ma na da irin wannan rabo. *Ya samu ya biya* ta rufe magana, an biya. *Ya yi niyyar biya* ta bar ƙofa a buɗe, kuma mai bin bashi ya san wace ce daga ciki ke sa shi barci. Wahalar ita ce kashe-kashen harsunan biyu ba su faɗa a kan juna daidai wa daida ba, kamar yadda *ƙoƙari* da *tried* suka nuna.

Wasu daga cikin waɗannan aikatau fuska biyu gare su, kamar *stop*. *I remembered to lock the cupboard* na nufin tunawa ce ta fara zuwa, sannan aka kulle durowar. *I remember locking the cupboard* na nufin an kulle tun tuni, yanzu ake tuna yinsa. Ga mai ba da shaida bambancin ba ƙarami ba ne: ta farko bayanin aiki ce, ta biyu dogaro ce ga ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa ana iya ja da ita. Haka *forgot to give* ba a bayar ba, amma *forgot giving* an bayar, mantawa aka yi da an yi. A harkar magani wannan shi ne tazarar da ke tsakanin maras lafiyan da aka tsallake da wanda aka yi wa allura sau biyu.

Sai kuma jimlar da ta fi alfahari da ita: *I used to check my patients every hour.* Nufinta ta nuna ɗabi'arta ce, *nakan duba marasa lafiyata kowace awa*. Lokaci sabau na Hausa, mai alamar *kan*, bai keɓanta ga jiya ba. *Nakan je* na nufin da ina zuwa, yanzu ma ina zuwa. *Used to* kuwa na baya ne zalla, kuma yana ɗauke da sanarwar cewa an bari. Takwararsa a Hausa ita ce *a da nakan duba*. A ƙarnonin baya Turanci na da sigar yanzu ta wannan aikatau mai ma'anar sabo, amma ta mutu, ta bar ta baya ita kaɗai. Don haka *I use to*, da ake yawan ji a ofisoshi da makarantu, ba ta da gurbi a daidaitaccen Turanci. Ɗabi'ar yanzu da *usually* ake faɗinta, ko da tsuran lokaci mai ci: *I check my patients every hour.* Da ta miƙa takardar yadda take, da ta shaida wa kwamiti da bakinta cewa ta daina zagayen da take taƙama da shi.

Akwai kuma wurin da ya shafi likitan. Ta rubuta *the doctor was to review him*, wato an tsara zai zo ya duba shi. Jimlar ba ta ce ya zo ba, ba ta ce bai zo ba. Da ta ce *was to have reviewed him*, da ta tabbatar bai zo ba, domin *have* bayan *to* a irin wannan wuri alama ce ta shirin da bai cika ba. Mahaifin ya tambaye ta wanne ne gaskiya. Ta ce ya zo, amma sai wajen ƙarfe 4. Ya ce to ta rubuta haka, da lokacin, ta bar kwamiti ya yi nasa lissafin.

Kalma ɗaya da ta rage

Magariba ta kusa lokacin da suka iso sakin layi na ƙarshe. Ƙa'idar asibitin ita ce idan magani ya tayar wa maras lafiya da irin wannan matsala, a sanar da babbar nas mai kula da aikin dare, a kuma cika fom. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ɗakin cike yake, su biyu ne kacal a kan gado fiye da 20, ta ce a ranta za ta yi idan ta sami sarari, sai numfashin mutumin ya sarƙe, komai ya bi ta kansa. A amsarta ta farko ba ta ambaci zancen ba sam. Yanzu da ta ga yadda waɗannan aikatau ke aiki, sai wata dabara ta faɗo mata.

"Baba, ka ce *tried to* ba ta ɗaure mutum. In na rubuta *I tried to inform the night supervisor*, ai ban ce na gaya mata ba."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Kin neme ta?"

"Na yi niyya."

"Kin buga mata waya? Kin aiki wani? Kin taka zuwa ofishinta?"

Ta yi shiru.

"To ba ki yi ƙoƙari ba, Uwata, niyya kika yi. Niyya *meant to* ce. *Tried* ba ta ce kin yi nasara ba, gaskiya ne, amma ta ce kin motsa. In suka tambayi matar nan ta ce ba ta ga kiranki ba, shi ke nan, jimlarki ta farko ma ba wanda zai sake yarda kuskure ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Gaskiyar dattijon ta wuce ta nasiha. Ta nahawu ce ma. *Tried to* ba ta ɗaure mutum a kan sakamako, amma tana ɗaure shi a kan yunƙuri. Kuma duk wanda ya daɗe yana karanta takardun aiki ya san yadda ake fakewa a bayan kashi na ukun nan. Rahoton da ke cike da *efforts were made to*, da *planned to*, da *sought to* sau da yawa rahoton abin da ba a yi ba ne, an yi masa kwalliya. Sanin wannan rabo makami ne mai kaifi biyu: yana taimaka wa mai karatu ya gano inda aka zame, yana kuma koya wa mai rubutu yadda zai zame.

Zaɓi uku ya jera mata. *I meant to inform her* gaskiya ce, amma tana da ƙanshin neman uzuri. *I failed to inform her* gaskiya ce, tana kuma amsa cewa wajibi ne aka bari. *I did not inform her* gaskiya ce tsura, ba ado, ba kariya. Ya ce kowacce ta ɗauka ba ta yi ƙarya ba, ita ta san wadda za ta iya tsayawa a kanta a gaban mutane. Ya tashi ya tafi alwala, ya bar ta da biro.

Ta ɗauki ta biyu. Ta ƙara jimla ɗaya a kan yawan marasa lafiyan da ke ɗakin a daren, ba ta ƙara komai ba.

Amsar da ta miƙa shafi 1 ce. Ta buɗe ta da amsa cewa jimlar da ke littafin rahoto tata ce, kuma ta faɗi kishiyar abin da ta nufa. Abin da ya kamata ta rubuta shi ne *I did not give the 2 a.m. dose*. Ta roƙi kwamiti kada ya tsaya ga maganarta, ya duba abu biyu: gurbin ƙarfe 2 a katin magani, wanda ba a sa masa hannu ba, da lissafin kwalaben da aka mayar wa ɗakin magani da safe. Aka duba, aka sami gurbin fayau, aka sami kwalbar cikin waɗanda aka mayar. Kwamiti ya wanke ta daga zargin yin allurar. A kan rashin sanar da babbar nas kuwa aka ba ta takardar gargaɗi, ta shiga fayil ɗinta, tana nan har yanzu.

Abin da ya same ta ba nata ba ne ita kaɗai. A asibiti da kotu da banki da ofishin 'yan sanda, ana yin aiki da Hausa, a yi tunani da Hausa, sannan a zauna a ƙarshen dogon yini a rubuta shi da Turanci, kuma rubutun ne ke zama shaida bayan kowa ya manta. Darussan makaranta sun fi ba da ƙarfi ga kuskuren da ke jin kunya, irin su *to went*, wanda ba ya cutar da kowa sai martabar mai shi. Kuskuren da ke kai mutum gaban kwamiti shi ne wanda ba ya kama da kuskure: jimla lafiyayyiya, kowace kalma a mazauninta, tana ba da labarin wani dare daban da wanda aka yi.

Yanzu ita ce ke duba rahoton ƙananan nas-nas a ɗakinta kafin a miƙa aiki da safe. Ba ta riƙe jan biro, kuma ba ta yi musu laccar nahawu. Idan ta ci karo da *stopped to* ko *tried to* ko *used to*, sai ta kira mai rubutun gefe, ta rufe littafin, ta ce, "Ƙanwata, bar Turancin nan tukuna. Gaya mini da Hausa, me kika yi?"